Kiɗansa a rediyo, aljihunsa wayam: nazarin lamarin wani makaɗin fiyano na New Orleans, 1915 zuwa 1941

Asalinsa da yadda ya saba samun kuɗi (1890 zuwa 1915)

Makaɗin da wannan nazari ya shafa, Jelly Roll Morton, haifaffen birnin New Orleans ne, a kudancin Amurka. Takardar baftismarsa 1890 ta nuna, shi kuwa 1885 yake faɗa wa mutane. Danginsa 'yan Kiriyol ne, masu jinin Afirka da na Faransa, mabiya ɗariƙar Katolika. Tun yana yaro matashi ya fara kaɗa fiyano a gidajen karuwai na Storyville, unguwar da hukumar birnin ta keɓe wa wannan harka daga 1897 zuwa 1917. Da tsohuwar da ke riƙonsa ta gano inda kuɗinsa ke fitowa, ta kore shi daga gida.

A waɗannan gidaje ladan makaɗi liƙi ne: a hannu, a daren, ba takarda ba sa hannu. Da wannan sabo ya shiga yawon duniya, garuruwan bakin Tekun Meziko, Texas, Memphis, St. Louis, Chicago, daga baya Kalifoniya. Yana kiɗa, yana barkwanci a dandali, yana cacar karta da sinuka. Inda ya sha gaban yawancin sa'o'insa shi ne ya iya karanta rubutaccen kiɗa, ya iya rubuta shi, har ya raba wa kowane mai busa nasa layin. Amma bai yi gaggawar kai kiɗansa wurin masu ɗab'i ba. Dalilin da ya bayar daga baya shi ne, abin da suke saye da shi bai kai abin da gwanin fiyano ke samu a 'yan kwanaki ba, kuma kiɗan da ba a buga ba makami ne na gasa, tunda abokin hamayya ba shi da inda zai koye shi. Sai a 1915 kamfanin Will Rossiter na Chicago ya buga kiɗansa na farko.

Hanyoyi uku da kuɗin kiɗa ke bi

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ita ce ta shimfiɗa filin da aka yi duk wannan dambarwa a kai.

Hanya ta farko ita ce takardar kiɗa, wadda iyalai masu fiyano a falo da ƙungiyoyin makaɗa ke saye. Mai tsara kiɗa yana miƙa haƙƙin mallaka ga kamfanin ɗab'i, ko dai a saye shi ɗungurungum da kuɗi ƙasa, ko a yi masa alkawarin kaso a kan kowace takarda da aka sayar. Littafin lissafi kuwa a ofishin kamfanin yake.

Ta biyu ita ce faifan garmaho da naɗin takardar fiyano mai kaɗa kansa. Doka ta yanke santi 2 a kan kowane kwafi. Da zarar mai haƙƙi ya yarda an ɗauki kiɗa sau ɗaya, kowa na iya ɗaukar nasa ba tare da neman izini ba, muddin zai biya santi biyun. Faifai dubu ɗari ke nan dala 2,000 a kan kiɗa ɗaya. Kuɗin ga mai riƙe da haƙƙin mallaka suke zuwa, wato kamfanin ɗab'i, shi ne zai cire wa mai kiɗan abin da yarjejeniyarsu ta ce.

Ta uku ita ce kaɗa kiɗan a bainar jama'a don riba: otal, gidan abinci, gidan rawa, daga baya rediyo. Ba mai iya bin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka kafa ASCAP, ƙungiyar marubutan kiɗa da masu ɗab'i, a New York a 1914. A 1917 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gidan abincin da ke sa kiɗa sai ya biya, ko da bai karɓi kuɗin shiga ba. Ƙungiyar tana sayar da lasisi guda na duk kiɗan membobinta, ta raba abin da ta tara gida biyu, rabi ga kamfanonin ɗab'i, rabi ga marubuta. Kason marubuci hannunsa yake zuwa kai tsaye, ba ya bi ta kamfani. Sharaɗin shi ne ya zama memba.

Akwai ramuka a dokar da suka shafi mai kiɗan jaz, irin kiɗan da Morton ke yi, musamman. Abin da ke rubuce a takarda kawai ake yi wa rajista. Sautin da ke cikin faifai bai samu kariyar dokar tarayya ba sai 1972, don haka salon hannu da ƙirƙirar da ake yi nan take ba na kowa ba ne. Akwatunan kiɗa masu cin kwabo an yafe musu biya. Wa'adin haƙƙi a lokacin shekara 28 ne, ana iya sabuntawa na wasu 28, kuma wa'adi na biyun na marubuci ne ko magadansa.

A 1915 hanya ta uku 'yar ƙorama ce da ba wanda ya damu da ita.

Shiga hannun kamfanin Melrose (1923 zuwa 1926)

A 1923 ya iso Chicago yana bin sawun wani kiɗansa da ya fara kasuwa. Wasu 'yan uwa biyu da ya yi hulɗa da su a Los Angeles sun sa masa baituka, sun ƙara sunayensu, sun kai wa kamfanin 'yan uwan Melrose, masu kantin kayan kiɗa a kudancin birnin. Ya zo yin rigima a kan sunayen, ya ƙare ya zama babban mai ba kamfanin kiɗa.

Tsarin da aka bi a shekarun nan iri ɗaya ne. Ya rubuta kiɗa, kamfani ya yi rajista da sunansa na kamfani, ya buga takardar fiyano da kuma shiryayyen tsari na ƙungiya, wanda kowane rukunin makaɗan rawa zai saya ya kaɗa. A kan wasu daga cikin kaɗe-kaɗen Walter Melrose, ɗaya daga cikin masu kamfanin, yakan rubuta baituka ya sa sunansa a matsayin abokin rubutu. Kusan ba mai rera baitukan, domin kiɗan na busa ne da rawa, amma a takarda kason marubuci ya rabu biyu ke nan.

A watan Yuli na 1923 ya je Richmond a jihar Indiana, inda kamfanin Gennett ke da ɗakin ɗauka a gefen layin dogo. In jirgi zai wuce sai a dakata. Ba makirufo a lokacin, cikin wani babban mazurari ake kaɗawa allura tana zana kakin zuma. A nan ya ɗauki "King Porter Stomp" da fiyano shi kaɗai, kiɗan da ya ce ya tsara tun wajajen 1905. A 1924 aka yi masa rajista a hannun Melrose.

Shekarun ganiya (1926 zuwa 1930)

Melrose ne ya haɗa shi da Victor, babban kamfanin faifai na ƙasar. Ribar mai ɗab'i a nan a fili take: kowane faifai talla ne ga takardunsa, kuma santi biyun ta ofishinsa za su bi. Ranar 15 ga Satumba 1926 aka yi zaman farko a Chicago, da makirufo wannan karo, da mutum bakwai: konet, turombon, kilarinet, banjo, bas, ganguna da fiyano. Kid Ory ne a turombon, Omer Simeon a kilarinet, Johnny St. Cyr a banjo.

Faifan inci goma na lokacin ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a gefe ɗaya, kuma a cikin wannan ƙuncin ne gwanintarsa ta fito. Yakan shirya kari biyu ko uku daban-daban a kiɗa ɗaya, ya ƙayyade inda kowa zai yi shiru a bar mutum ɗaya na gaɓa biyu, inda za a sassauta, inda duka za su taso tare. Ana yin atisaye kafin a shiga ɗaki, abin da ƙananan ƙungiyoyin jaz da yawa ba su damu da shi ba. Faya-fayan 1926 da 1927 har yau su ne ma'aunin salon New Orleans.

Kuɗi na shigowa daga yawon wasa da ladan zaman ɗauka. Ga lu'ulu'u a haƙorin gaba, ga kwat iri-iri, ga manyan motoci. A duk wannan lokaci bai zama memban ASCAP ba. Ƙofar ba a rufe take ruf ga baƙaƙe ba: James Weldon Johnson da Harry Burleigh na cikin membobin farko a 1914, W. C. Handy, shi ma mai tsara kiɗa, ya shiga a 1924. Sai dai 'yan ƙalilan ne, kuma akasarinsu mazauna New York ne masu alaƙa da manyan masu ɗab'i.

A 1928 ya koma New York. Can kunne ya riga ya karkata ga manyan ƙungiyoyi masu mutum goma zuwa sama, inda masu busa ke tafiya rukuni-rukuni. Duke Ellington na wasa a gidan rawa na Cotton Club tun Disambar 1927, rediyo na kai kiɗansa gidaje. Masu fiyanon unguwar Harlem ta New York kuma na da nasu salon mai tsallen hannun hagu. Shi kuwa yakan tsaya a bakin titi kusa da majalisar makaɗa yana gaya wa kowa cewa ba su iya ba, duk abin da suke busawa nasa ne. Wannan bai ƙara masa masoya ba.

Sai kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, shekarar da kamfanin rediyo na RCA ya sayi Victor. Faya-fayan da aka sayar a Amurka sun faɗo daga kimanin miliyan 104 a 1927 zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Bayan zaman ƙarshe a 1930, Victor bai sabunta kwantiraginsa ba.

Abin da ya gwada da farko (1930 zuwa 1935)

Ya buɗe ofishin ɗab'i da wani abokin kasuwanci a New York. Tunanin daidai ne, jarin ne babu, kuma ba a daɗe ba suka ɓata kan mallakar wasu kaɗe-kaɗe. Da al'amura suka ci gaba da taɓarɓarewa ya haƙiƙance sammu aka yi masa. Da bakinsa ya ba da labarin garin maganin da ya tsinta a ofis, da bokanyar da ya yi ta kai wa kuɗi, wadda ta sa shi ya ƙone tufafinsa. Ya ƙone su. Ba abin da ya sauya.

Ya haɗa ƙungiyoyin yawo suna watsewa saboda rashin biya. Lu'ulu'ai suka tafi jingina. Daga ƙarshen 1930 zuwa 1938 zaman ɗauka ɗaya tak ya samu na kasuwa, a 1934, shi ma a matsayin ɗan rakiya a ƙungiyar wani. A tsakiyar shekarun ya nemi shiga ASCAP, ba a karɓe shi ba. Shiga a lokacin sai da yardar kwamitin gudanarwa, kuma wanda ba shi da babban kamfani a bayansa ba shi da mai tsaya masa.

Ana cikin haka hanyoyin kuɗin suka juya. Ta farko da ta biyu sun ƙafe, ta uku ta cika ta batse. Yarjejeniyar 1932 ta ɗora wa gidajen rediyo biyan ASCAP kashi 3 cikin ɗari na kuɗin tallarsu, ya hau 4, ya kai 5 a shekara ta uku. Rediyo ya zama babbar hanyar samun ƙungiyar.

Kiɗan ya yi kasuwa ba da shi ba (1935)

Fletcher Henderson ya ɗauki "King Porter Stomp" da babbar ƙungiyarsa a 1928, ya sake a 1932 da 1933. Tsarin Henderson ne Benny Goodman, wani shugaban ƙungiya, ya ɗauka ranar 1 ga Yuli 1935, a kamfanin Victor ɗin da ya sallami mai kiɗan shekara biyar da suka wuce. A watan Agusta ƙungiyar Goodman ta tayar da ƙura a gidan rawa na Palomar a Los Angeles, daren da masu tarihi ke ƙirga farkon zamanin suwin, wato kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyi, daga gare shi. Daga nan kusan kowace babbar ƙungiya sai da ta sa kiɗan a jerinta.

In aka bi hanyoyin uku ɗaya bayan ɗaya: takardun tsari na Melrose ne. Santi biyun faifai ofishin Melrose suke zuwa, kuma koken Morton har ya mutu shi ne ba a cire masa abin da ya kamata. Akwatuna masu cin kwabo ba sa biyan kowa. Rediyo na biyan ASCAP, shi ba memba ba. A ganinsa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Washington da matakai uku na 1938

A tsakiyar shekarun 1930 ya koma Washington, wani ƙaramin kulob a saman bene a titin U. Shi ne makaɗi, shi ne sanƙira, wani lokaci shi ne mai haɗa abin sha da korar mashaya. A nan masu tara tsofaffin faya-fayai suka fara gano shi.

Mataki na farko wasiƙa ce. A watan Maris 1938 shirin rediyon Robert Ripley ya gabatar da W. C. Handy a matsayin wanda ya ƙirƙiro jaz da bulus. Makaɗin ya rubuta doguwar wasiƙar raddi yana cewa shi ne ya ƙirƙiro jaz a 1902, mujallar Down Beat ta buga ta a Agusta. Sunansa ya dawo bakin mutane, amma da tambarin mai cika baki. In aka bi takardar baftisma, shekararsa goma sha biyu a 1902. Ko santi wasiƙar ba ta kawo ba.

Na biyu shi ne zama da Alan Lomax, matashi ɗan shekara 23 mai kula da taskar waƙoƙin gargajiya a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Daga 23 ga Mayu 1938, a zauren Coolidge, ya zauna gaban babban fiyano yana kaɗawa, yana rerawa, yana ba da tarihi, Lomax na ɗauka da na'urar tafi-da-gidanka a kan faya-fayan asitet. An tara sama da awa takwas. Ya nuna yadda ake juya tsohon kiɗan rawar Faransawa ya koma jaz, ya kwaikwayi hannun makaɗan da suka mutu ba a taɓa ɗaukarsu ba, ya faɗi kiɗan da ya tsara da inda ya tsara shi. Aikin na taska ne, ba na sayarwa ba.

Na uku shi ne kamfanin Tempo Music, wanda suka kafa da Roy Carew, ma'aikacin ofishin haraji da ya zauna a New Orleans a farkon ƙarni kuma ya san kiɗan. Carew ya riƙa yi wa sababbin kaɗe-kaɗe rajista yadda ya kamata yana ajiye takardu. Abin da Tempo ba shi da shi shi ne 'yan talla, waɗanda ke bin shugabannin ƙungiyoyi da gidajen rediyo har sai an sa waƙa. Waƙoƙin da suka buga ba su yi kasuwa ba.

A cikin shekarar wani ya daɓa masa wuƙa a kulob ɗin, a kai da ƙirji. Asibitin da ke kusa na fararen fata ne, ba su karɓe shi ba. Inda aka kai shi kuma an daɗe ba a duba raunin ba. Numfashinsa bai sake komawa daidai ba. A ƙarshen Disamba shi da matarsa suka koma New York.

Abin da ya fara aiki, da ƙarewar lokaci (1939 zuwa 1941)

A 1939 ASCAP ta karɓe shi. Sai dai rabon marubuta a lokacin bisa matakai ake yi, kwamiti ne ke sa mutum a mataki, kuma daɗewa a ƙungiya na da nauyi sosai. Sabon memba daga ƙasa yake farawa, ko da kiɗansa ya shekara goma sha biyar a kasuwa. Abin da aka kaɗa kafin ya shiga kuwa ya tafi ke nan.

Sha'awar tsohon salon New Orleans ta fara farfaɗowa, ta kuma buɗe masa ɗakin ɗauka: zama biyu a Satumbar 1939 a ƙarƙashin Bluebird, reshen Victor mai faifan santi 35, da mai busa Sidney Bechet a na farkon, sai kamfanin General a Disambar 1939 da Janairun 1940, inda ya ɗauki fiyano da murya waɗanda da yawa ke ganin ba abin da ya fi su a aikinsa na ƙarshe. Ciwon zuciya da asma sun hana shi riƙe ƙungiya. Ya ci gaba da wasiƙun koke da neman lauyan da zai kai Melrose kotu. Ba shari'ar da ta kai ga hukunci yana raye.

A ƙarshen 1940 ya tuƙa mota zuwa Los Angeles, yana jan ta biyu da sarƙa, cikin sanyi da ƙanƙara. Ranar 1 ga Janairu 1941 manyan gidajen rediyo suka daina sa duk kiɗan ASCAP saboda rikicin ƙarin kuɗin lasisi, suka koma ga BMI, kishiyar ASCAP da suka kafa a 1939. Ba a sasanta da manyansu ba sai ƙarshen Oktoba. Ya rasu ranar 10 ga Yuli 1941 a asibitin gwamnati na Los Angeles, yana da kimanin shekara hamsin.

Bayan rasuwarsa

Ƙungiyoyin farfaɗo da tsohon jaz a Amurka da Turai sun mayar da kaɗe-kaɗensa abin kaɗawa kullum, kuma kason marubuci ya riƙa zuwa ga magada. Kamfanin Circle ya fara fitar da faya-fayan laburare a 1947. Cikakkensu, bayan an gyara gudun na'urar Lomax da ya karkace, ya fito a 2005 ya kuma ci kyautar Grammy biyu.

Hukunci

An saba ɗora faɗuwarsa a kan bakinsa da tsufan salonsa. Bakin ya jawo masa rashin aiki a New York, wannan gaskiya ne. Batun tsufa kuwa bai tsaya ba: salon ƙungiyarsa ne ya fita yayi, kiɗan da ya rubuta ya ci kasuwar 1935 fiye da yadda ya ci ta 1924. Da a ce hannunsa na kan hanya ta uku, da zamanin suwin ya ciyar da shi ko bai taɓa fiyano ba.

Ɓarakar ta auku ne tsakanin 1923 da 1930, lokacin da yake da ƙarfin ciniki. Ya miƙa haƙƙin mallaka, ya bar wani ya raba masa kason marubuci da baitukan da ba a rerawa, bai samu shiga ASCAP ba sa'ad da sunan Victor ke bayansa. Handy, wanda ya yi wa raddi, ya sayar da kiɗansa na 1912 da kuɗi kaɗan, ya ji zafin abin, ya buga na 1914 a kamfaninsa na kansa, ya shiga ƙungiya da wuri. Bambancin ƙarshensu daga nan ya taso, ba daga wanda ya fi iya kiɗa ba. Amma ɗora masa laifin duka zalunci ne. Baƙar fata ɗan kudu, mai kiɗan da manyan New York ba su ɗauka a bakin komai ba, ba shi ke riƙe da littafin lissafi ba, ba shi ke zaɓen membobi ba, kuma da ya ƙwanƙwasa ƙofar sai da ya yi shekaru a waje.

Wasiƙu, bokanya da barazanar kotu ba su yi aiki ba, domin ba ɗayansu da ya taɓa takardar mallaka. Zama memba ya yi aiki saboda kason na bin sunan marubuci kai tsaye har zuwa magada, sai dai ya zo a makare kuma a matakin ƙasa. Tempo ya tsare haƙƙi amma bai iya sayarwa ba. Zaman laburare bai biya shi ba, ya dai kafa hujjar da ta hana a raba shi da aikinsa. Hanyar da ta rage ita ce sabunta wa'adi, ga marubucin da bai riga ya sayar da wa'adi na biyun ba. Ta nan Handy ya karɓo kiɗansa na 1912 a 1940. Na makaɗin nan, na 1915 sai 1943 wa'adinsa zai cika, "King Porter Stomp" kuma sai 1952.